Sharhi a Kan Yadda A Ke Bayyana Asalin Sunayen Garuruwa a Ƙasar Hausa

Da wuya a sami gari a ƙasar Hausa, komai ƙanƙantarsa, wanda ba shi da labarin yadda ya sami sunansa. In baƙo ya sauka ya tambaya, a kan kai shi wurin wani dattijo a ƙofar fada ko a inuwar masallaci, shi kuwa ya ba shi labarin ba tare da inda-inda ba. Irin waɗannan labaru ne Turawan mulki suka tattara cikin littattafan gundumomi, daga can suka shiga tarihin larduna, sa'an nan suka gangaro cikin littattafan makaranta da 'yan littattafan tarihin gari da a ke bugawa don bikin naɗin sarauta. Da ya ke an yi ta maimaita su har sun zauna, mai karatu ya kan ɗauke su tamkar abin da aka riga aka tabbatar.

Nufin wannan takarda shi ne a auna wannan hanya ta bayani, a ga inda ta ke da ƙarfi da inda ta ke da rauni. Za a nuna cewa akwai shaidu biyu da masu rubutu suka saba tsallakewa, watau lafazin mutanen garin da kansu, da ƙa'idodin nahawun harshen. Abin ya cancanci a natsu a kansa, domin manyan birane irin su Kano da Katsina suna da jerin sarakuna da rubutaccen tarihi, amma ƙaramin gari sau da yawa ba shi da wata tsohuwar shaida da ta wuce sunansa. In aka karkatar da sunan, ko aka ba shi ma'anar da ba tasa ba, an taɓa maganar waɗanda suka fara saran wurin, kuma a kan wannan magana ce rigingimun sarauta da na gonaki su kan tsaya.

1. Labarun asali da sigoginsu

Wanda ya jera labarun asali da dama ya dube su tare zai ga yawancinsu a kan siga biyu aka gina su. Siga ta farko ita ce ta maharbi. A kan ce wurin da can ƙungurmin daji ne, sai wani maharbi ya zo ya kafa bukka, jama'a suka taru a kansa, aka kira wurin da sunansa. Haka a ke faɗa game da Dutsin-Ma, cewa Ma sunan maharbin da ya zauna a dutsen ne. Haka a ke faɗa game da Haɗejiya, cewa maharbi Haɗe ne da matarsa Jiya. Haka kuma game da Bauci, cewa wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna wa Malam Yakubu wurin.

Siga ta biyu ita ce ta furuci. A kan ce wani sarki ko jarumi ya iso wurin ya faɗi wata magana, maganar ta bi wurin ta zama suna. Ana cewa Argungu daga "Ar! mu yi gungu" ta fito, Kwantagora kuwa daga "kwanta gora", wai don ruwan kogin bai kai a nutsa gora a tsaye ba. Wannan siga tsohuwa ce ƙwarai a adabin baka, gama ita ce aka yi aiki da ita cikin labarin Bayajida, inda aka ce sunansa "ba ya ji da" ne, kuma ita ce ta haifi zancen nan cewa Hausa daga "hau sa" ta samo asali.

Ta fuskar adabi waɗannan labaru suna da daraja babba. Gajeru ne, suna da daɗin ji, yaro ya kan riƙe su da ji ɗaya, kuma suna nuna yadda mutanen gari su ke son a san su. Kuskuren yana wurin marubucin da ya ɗauki hikaya ya ajiye ta a gurbin hujja. Da ya ke siga ɗaya ce ta ke ta dawowa a garuruwan da ke nesa da juna, lalle ne a yi zaton cewa wani lokaci sunan ne ya riga labarin, aka ƙaga labarin daga baya don a cike gurbin ma'anar da ta ɓace. Alamar wannan ita ce, ba a cika samun irin labarin ba sai inda sunan ya yi duhu. Ba wanda ya ke neman maharbi don ya bayyana Sabon Birni ko Tudun Wada.

2. Inda tarihi ya tsaya wa labari

Ba daidai ba ne kuma a yi wa labarun kuɗin goro a watsar da su duka, domin akwai garuruwan da aka san tabbas sunan mutum su ke ɗauke da shi. Tsohuwar Abuja, wadda Haɓen Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, sunan sarkinta Abubakar ne, wanda a ke kira Abu Ja sabo da hasken fatarsa. A nan sarkin sananne ne, zamaninsa sananne ne, kuma ginin sunan bai saɓa wa harshe ba.

Abin da ya sami garin daga baya ya fi wannan koyarwa. Bayan da aka tsayar da shawarar gina sabon babban birnin Nijeriya a 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja, daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Wannan "ja" ta ƙarshen Suleja an aro ta ne daga tsohon sunan don sabon ya yi kama da shi. Da a ce babu rubutu, ba za a daɗe ba wani mai ba da labari zai ce an yi wani Sule mai jar fata, kuma masu sauraro su gamsu, tun da ya ke maganar ta hau daidai. Wannan misali ya nuna cewa dacewar labari da suna ba ta isa ta zama hujja ba.

3. Auna labari da ma'aunin harshe

Harshe yana sauyawa, amma bisa ƙa'ida ya ke sauyawa, sabo da haka ana iya gwada ko wane bayani a ga ko ya bi hanyar da sautukan Hausa su ke bi.

A ɗauki Bauci. Sananne ne cewa a Hausa t ta kan koma c in wasalin i ko e ya biyo ta, kamar yadda mota ta ke ba da motoci, sata ta ba da sace. Haka nan s ta kan koma sh, kamar ƙasa da ƙasashe. Amma babu ƙa'idar da ke mai da sh ta zama c. Kafin Baushe ya zama Bauci sai an yi tsalle daga wannan layi zuwa wancan, alhali kuwa saiwar da ke cikin kalmar bauta tana ba da bauci kai tsaye. Daɗin daɗawa, Mahdi Adamu ya nuna cikin littafinsa na 1978 cewa Hausawa sun daɗe suna kiran ƙasashen da ke kudu da su ƙasashen Bauci, watau sunan ya fi garin faɗi. Ba abin mamaki ba ne jama'a su fi son labarin maharbi, gama ya fi daɗin faɗa. Aikin mai nazari shi ne ya kawo duka biyun, ya faɗi wanda harshe ya goyi baya.

Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864, tana da tata matsalar. Kwanta aikatau ne wanda ba ya ɗaukar karɓau: mutum ya kan kwanta, amma kwantar da abu a ke yi. Wanda zai ba mayaƙansa umurni zai ce "ku kwantar da gora". In ya ce "kwanta gora", da goran ya ke magana. Ana iya cewa suna ya kan gajarce da yawan faɗa, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai tambaya ta biyu wadda rubutu ba ya amsawa. Gora kalma biyu ce a Hausa. Akwai goran ruwa, wanda muryarsa ke farawa ƙasa ta hau, akwai kuma gorar da a ke sanda da ita, wadda muryarta ke farawa sama ta sauka. Labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an saurari yadda tsofaffin garin su ke karya muryar sunan. Sa'an nan a tuna cewa garin a ƙasar Kambari ya ke, kuma kogin yana gudana da suna a bakin mutanen wurin tun kafin Nagwamatse ya iso.

Argungu ma haka. Gungu a Hausa taro ne, amma a bakin mutanen kogi tsibiri ne. Da wannan ma'ana ta ke a Zabarmanci, kuma daga gare ta aka sami sunan Gungawa, mazauna tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri. Garin da ke bakin fadamar Gulbin Kabi, wanda masunta suka yi suna a cikinsa, ya cancanci a gwada sunansa da ma'anar nan ta biyu kafin a rufe magana da ta farko.

Game da Haɗejiya, ginin labarin ba shi da aibi a nahawu, gama Haɗen Jiya magana ce da Bahaushe zai iya yi. Abin lura yana wani wuri dabam. A wannan yanki an yi harsunan da suka riga suka mutu, irin su na Auyokawa da Shirawa da Tashenawa, dangin harshen Bade da na Ngizim, waɗanda Hausa ta haɗiye. Sunayen Auyo da Shira suna nan, harsunan sun tafi. A irin wannan ƙasa, duk sunan da ya yi duhu a Hausa ya kamata a fara zaton ko gadon waɗancan harsuna ne, tun kafin a raba shi gida biyu a ba ko wane ɓangare mutum.

4. Sunayen da ke faɗin tarihinsu da kansu

Abin takaici game da son labari shi ne ya kan janye hankali daga sunayen da ma'anarsu ke fili, alhali su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi ba da tabbataccen ilmi. Kalmar farko ta sunan gari sau da yawa tana faɗin irin zaman da aka fara yi a wurin. Birni gari ne mai ganuwa. Garu, kamar a Garun Malam, katanga ce ta ƙasa. Kafi shinge ne na itatuwa da a ke kafawa don tsaro, shi ne a Kafin Hausa da Kafin Madaki da Kafin Soli, kuma ba shi da dangantaka da "kafin" ta lokaci. Tunga zama ne na masu noma ko masu su da suka fita daga babban gari. Zango masaukin fatake ne, ruga mazaunin Fulani makiyaya, tasha kuwa ta zamanin jirgin ƙasa da mota ce. Wanda ya bi taswirar lardi ɗaya ya ware waɗannan kalmomi zai ga inda aka yi zaman tsoro, da inda hanyar fatauci ta bi, da inda aka yi sabon sara bayan an sami kwanciyar hankali.

Waɗansu sunayen na itatuwa ne da tsirrai, kamar Rimi da Ɓaure da Tofa da Mai'aduwa da Rimin Gado. Waɗansu an gina su da "ma" a farko don nuna wurin da a ke yin wani abu, kamar Mahuta da Maƙera da Mararraba. Waɗansu na fata ne da addu'a, kamar Yalwa da Nasarawa. Waɗansu kuma, masu yawan gaske, suna ƙarewa da "awa", kamar Musawa da Bindawa da Ingawa da Tsanyawa da Ɓatagarawa. Wannan ita ce "awa" ta Kanawa da Katsinawa, wadda ke nuna jama'ar wani mutum ko wani wuri, sa'an nan sunan jama'ar ya zama sunan mazauninsu.

A nan ma sai an yi hattara da kama da wane. Kukawa ta Barno, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, ta yi kama da Musawa a ido da kunne, amma ƙarshenta na Barbarci ne, mai ma'anar "mai abu kaza", watau wuri mai kuka. Jama'are kuwa kalmar Larabci ce da Fulatanci ya ɗaura wa nasa ƙarshen. Fataskum ba ta da ma'ana a Hausa don ba Hausawa suka raɗa ta ba. Sun dai gyara ta ne ta zauna a bakinsu.

5. Abin da taswira ta yi wa sunaye

Shaida ta biyu da marubuta su ke dogara da ita, bayan labari, ita ce rubutun taswira, kuma ita ce ta fi ɓarna don an fi yarda da ita. Masu zana taswira na Ingila suna da ƙa'idarsu ta rubuta sunayen ƙasashen waje, baƙaƙe irin na Ingilishi, wasula irin na Italiyanci. Faransawa kuma suka bi rubutun harshensu. An kafa yawancin waɗannan rubuce-rubuce tun kafin a shigo da baƙaƙe masu ƙugiya cikin boko a shekarun 1930, kuma ba a koma an gyara su ba. Jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911 ya kuma isa Ƙauran Namoda a 1929, ya kafa su a allunan tashoshi, gidan waya ya buga su a hatimi.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, ƙugiya ta faɗi. Ƙanƙara da Ƙaraye da Maƙarfi da Ɓaɓura da Ɗambatta da Maraɗi duk an rubuta su da k da b da d. Ɓaure da ta rasa ƙugiyarta ta daina nuna itacen da ta ke nunawa. Ta biyu, gajeren wasalin a, wanda ke canza launi bisa ga maƙwabtansa, an ji shi e a wani wuri, o a wani. Ta haka Yalwa ta zama Yelwa, Kabi ta zama Kebbi, Tasawa ta zama Tessaoua, Kwantagora ta zama Kontagora, Ƙwanni ta zama Konni. Ta uku, harafin mallaka, wanda shi ne ƙashin bayan sunan, ya salwanta ko ya ɓata wuri. Faransawa sun cire n daga Birnin Ƙwanni suka manna ta a goshin kalma ta biyu, suka rubuta Birni N'Konni. Ingilishi suka yar da r ta Talatar Mafara, watau kasuwar Talata ta Mafara, suka bar kalmomi biyu a jere ba abin da ya haɗa su.

Ƙauran Namoda ta nuna amfanin wannan ɗan harafi. A taswira Kaura Namoda ce. Wanda ya ji n a bakin mutane zai iya zaton sarautar Ƙaura ce, irin ta Ƙauran Katsina, tun da ya ke ƙaura ta tashi daga wani wuri tamace ce, r ta kamata ta ɗauka. Amma a Hausar yamma harafin mallaka na tamace ya kan rikiɗe ya zama irin baƙin da ke binsa, a ce rigas sarki, a ce Talatam Mafara. Bisa wannan ƙa'ida, ƙaurar da Namoda ya yi ba yadda za ta fito a bakin Bazamfare sai Ƙauran Namoda. Lafazin da mai gyaran rubutu zai iya ɗauka kuskure ne, shi ne ya adana nahawun wurin.

Mafi munin abin shi ne a ɗauki rubutun taswira a gina masa asali. An sha rubutawa cewa Sokoto daga kalmar Larabci "suƙ" ta fito, watau kasuwa. Wannan bayani da rubutun Turawa kaɗai ya yi kama. Mutanen garin Sakkwato su ke cewa, da a, da kw mai ƙarfi, kuma Clapperton, wanda ya je can a 1824, da a ya rubuta gaɓar farko. Ban da haka, kalmar Larabcin ta riga ta shigo Hausa ta hanyar Barbarci, kuma sigar da ta ɗauka ita ce kasuwa. Mai wannan da'awa sai ya bayyana dalilin da kalma ɗaya za ta shigo sau biyu da kamanni biyu, ya kuma faɗi inda sauran sunan ya fito. Irin wannan hanya, ta kama baƙi biyu ko uku da suka yi kama a ƙulla zumunta tsakanin sunaye masu nisa, ita ce aka fi sukar H. R. Palmer da ita. Ya yi aiki mai amfani da ya fassara Tarihin Kano a 1908 ya kuma tattara rubuce-rubucen da ya buga a 1928, amma sha'awarsa ta kai ko wane suna gabas ta bar wa na baya ɗabi'ar da har yanzu ba ta gushe ba.

6. Daidaitaccen rubutu da karin harshe

Mai karatu zai iya zaton maganin abin shi ne a mai da ko wane suna cikin daidaitacciyar Hausa. Lalle wannan zai dawo da ƙugiya da harafin mallaka, kuma ya kamata a yi. Amma daidaitaccen rubutu, wanda Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙarfafa, aka kuma sake dubawa a taron Bamako na 1966, a kan Kananci aka gina shi, kuma akwai abubuwa biyu da ba ya nunawa.

Na farko, ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Kuka ta miya da kuka na hawaye rubutunsu ɗaya, murya ce ta raba su. Ga kalmomin yau da kullum wannan ba ya damun Bahaushe, don zancen da ke kewaye ya kan nuna masa wadda a ke nufi. Sunan gari kuwa shi kaɗai ya ke tsaye, ba abin da ke kewaye da shi, sabo da haka wanda bai taɓa jin sa ba sai ya yi ka-cici-ka-cici. Ga shi kuwa tsawon wasali da murya su ne abin da za a fara dubawa in ana so a san ko suna ya fito daga wata kalma.

Na biyu, yana shafe karin harshe. A Hausar yamma f ta kan zama hw kafin a, ta zama h kafin i da e, don haka a bakin mutanen wurin a kan ji Zanhwara da Mahwara da Kurhi. A can kuma akwai wani sauti da Kananci ba shi da shi, wanda masana ke rubutawa tc. Kamar c ya ke, sai dai da maƙogwaro a rufe irin na ts. Da shi a ke cewa dutci a inda Bakano zai ce dutse. In aka san wannan sai a ga cewa Bafaranshen da ya rubuta Dogondoutchi abin da ya ji ya rubuta, kuma akwai alamar cewa Baturen da ya rubuta Chafe a madadin Tsafe shi ma kunnensa bai yaudare shi ba. A Tsibiri ta Gobir kuwa, wadda ke kwarin Gulbin Maraɗi, Faransawa sun kasa kama sautin suka rubuta Tibiri, ma'anar sunan ta ɓace daga takarda. Ashe rubutun Turawa ba duka ne abin zubarwa ba. Wani lokaci shi ne ya riƙe lafazin da daidaitaccen rubutu ya goge, sai dai a karanta shi da sanin harshen wanda ya rubuta. Dutse ta Jigawa da Dutsi ta Katsina kalma ɗaya ce cikin kari biyu, kuma wanda ya gyara ɗaya don ta dace da ɗayar ya share shaida.

7. Abin da ya kamata bayani ya ƙunsa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗan da ya kamata mai rubuta asalin sunan gari ya cika. Ya fara da rubuta sunan kamar yadda tsofaffin garin su ke faɗa, maza da mata, da alamar tsawon wasali da ta murya, ya kuma rubuta yadda a ke kiran mutumin garin da jama'arsa, domin tsohuwar siga ta kan ɓuya a nan: Kabawa ne suka nuna cewa Kabi ce. Ya tambayi yadda maƙwabta masu wani harshe su ke kiran wurin. Ya nemi mafi tsufan rubutun sunan, na ajami da na Larabci da na matafiya, yana sane da cewa Larabci ma yana lanƙwasa sunaye, gama da shinun malamai suka rubuta tsakiyar sunan Katsina. Ya duba ko akwai wani gari mai irin sunan, don in suna ɗaya ya fito a wurare biyar, maharbi ɗaya ba zai ishe su ba. Bayan duk wannan sai ya kawo labarin da a ke bayarwa, cikakke kuma da mutunci, ya ambaci cewa labari ne. In binciken bai kai ga ma'ana ba, ya bar sunan da duhunsa, wani mai ƙarin shaida ya zo ya ɗora.

Aikin yana da gaggawa ta wata fuska. A da yaro daga bakin iyayensa ya ke koyon sunan garinsu. Yanzu yana ganinsa a allon bakin hanya, da takardar shaidar haihuwa, da takardar jarrabawa, duk da rubutun taswira, yana kuma jin mai karanta labarai wanda bai taɓa zuwa garin ba yana karanta shi yadda ya gani. Ba a rasa matasan da in suna magana da baƙo su kan faɗi sunan garinsu da lafazin takarda, suna ganin shi ne na masu ilmi. Labarun asali an riga an rubuta su, ba za su ɓace ba. Lafazin tsofaffi ne ba a rubuta ba, shi ne kuwa a ke bukata don auna labarun. Ɗalibin Hausa da zai koma gundumarsu lokacin hutu da na'urar ɗaukar magana, ya bi ƙauyuka ashirin ko talatin ya ɗauko sunayensu daga bakin masu su, zai kawo wa sashen nazarin harshe abin da babu shi a ko wane ɗakin karatu.